Hannun Waye a Kafaɗarta?

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, in dai lafiyar jiki ake nufi. Sau shida na kira ka tun shekaranjiya ba ka ɗaga ba, shi ya sa na ɗauki biro. Takarda dai ba a kashe ta. Na kuma gaya wa direban da zai kawo ta kada ya bar ƙofar ofishinku sai ya damƙa ta a hannunka.

Ranar Talata ina kan keken ɗinki matar mai kanti ta yi sallama. Ka san halinta, ba ta shiga gidan mutum sai da labari a baki. Ta zauna, ta tambayi ƙafata, ta tambayi Auta, sannan ta zaro mujallarku ta finafinai daga ƙarƙashin mayafi ta ɗora mini a kan ɗinki. Ta ce, "Maman yara, ashe ɗinkinki har wajen 'yan fim ya kai? To mu talakawa sai mu nemi wani tela."

Na duba bangon. Fuskar wata 'yar fim ce, an ƙara mata fari kamar an jiƙa ta a bilic, ta ƙura mini ido. Amma daga wuya zuwa ƙasa 'yata ce. Jar rigar nan ce da na ɗinka wa Auta ranar da ta karɓi takardar gama makarantar jinya, mai aikin baƙin zare a wuya wanda na yi kwana huɗu ina yi da allura. Ko a cikin riga dubu zan gane ɗinkina, har da inda baƙin ya ƙare mini na ƙarasa da shuɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye. A kafaɗar hagu ga hannun namiji, babu mai shi. An zagaye shi da layi ruwan ɗorawa, an sa masa kibiya, an rubuta da manyan haruffa: HANNUN WAYE A KAFAƊARTA? Daga ƙasa kuma da ƙanana: asirin jaruma ya tonu.

Hannun waye? Kai ne za ka tambayi duniya hannun waye? Hannun da ƙaramin yatsansa ya gutsure daga gaɓa ta biyu. Hannun da ya yi ƙofofin rabin gidajen layin nan, da bencin masallaci, da gadon da aka haife ka a kai. Shekara biyu ke nan ubanka yana kwance a makwancinsa, bai taɓa shiga gidan kallo ba a rayuwarsa, yau ga shi a teburin mai jarida an mai da shi saurayin ɓoye na 'yar fim. Jiya da kunnena na ji wani a bencin bakin kanti yana cewa, "Ashe Malam Kafinta ba katako kaɗai yake shafawa ba." Suka bushe da dariya. A kan bencin da shi ya yi suke zaune.

Wata uku da suka wuce ka sauke hoton nan na Auta da ubanka daga bangon falo, ka ce ruwan ɗigon kwano ya ɓata gefensa za ka gyara mini da kwamfuta. Shi kaɗai ne hoton ubanka da muke da shi in ban da na katin shaida. Na ba ka don na ɗauka ɗa nake da shi. Ga ƙusar can har yanzu tana kallona.

Sunanka yana cikin shafi na biyu a matsayin mai tsara bango, saboda haka kada ka ce mini ba ka sani ba. Ina so ka gaya mini yadda aka yi, ka kuma dawo mini da hotona cikin firam ɗinsa.

Allah ya shirya.

Mahaifiyarka.

*

Zuwa ga Mama,

Wa'alaikumus salam. Ina gaida Mama da kyau, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. A gaishe mini da Auta. Na karɓi takarda, na karanta ta ya fi sau biyar. Kunya ce ta hana ni ɗaga waya.

Mama, ki yi haƙuri ki saurare ni, ko da ba za ki yarda ba. Aikinmu ba kamar yadda ake gani daga waje yake ba. A teburin mai jarida mujallu jere suke ɗaya a kan ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na sama kawai ake gani. Mai wucewa kuma ba ya tsayawa, kallo ɗaya yake yi. A cikin wannan kallon dole mu kama shi. Shi ya sa kullum fuska tana sama, idon yana kallon mai saye kai tsaye. Shi ya sa ja da ruwan ɗorawa, don su ake hangowa daga tsallaken titi. Shi ya sa kanun labari yake zama tambaya, saboda mutum ba ya iya tafiya da tambaya a kansa sai ya ji amsa. Ba mu muka ƙirƙiro ba, haka kowa yake yi.

A wannan fitowar jarumar ta yi faɗa da Edita, ta ƙi zuwa a ɗauke ta hoto. Abin da muke da shi fuskarta ce kawai, tana sanye da toka-toka. Edita ya ce toka ba ya sayuwa, a nemo jiki mai jan kaya. Saura awa uku a kai maɗaba'a. Hoton gida yana buɗe a kwamfutata don ina cikin gyaran tabon ruwan, ya zo wucewa ta bayana ya gani, ya ce ga abin da muke nema. Ban gaya masa ƙanwata ce ba. Na ce a raina riga ce kawai, wa zai gane?

Na cire kan Auta na sa na jarumar. Na goge Baba gaba ɗaya, sai hannun. Hannun ya rufe aikin wuyan ta gefe, in na goge shi sai wajen ya zama faci. Ina cikin fama Edita ya leƙo, ya buga tebur ya ce, "Bar shi! Wannan hannun shi ne labarin." Shi ya rubuta kanun da kansa. Ni na yi zagayen da kibiyar, ba zan yi miki ƙarya ba.

Maganar yatsa, wallahi Mama ban gan shi ba. Na yi kusan awa guda ina kallon hannun nan an faɗaɗa shi ya cika allon kwamfuta, raina bai taɓa ba ni cewa da abin da ya rage ba. A haka na saba ganinsa. Hannun Baba ne kawai. Na cire agogon don kada a gane, na bar yatsan.

Mujallar ta ƙare a kwana biyu, abin da ba a taɓa yi ba, har an sake bugawa. Edita ya ce zai ba ni ofishi ni kaɗai. Ki yi haƙuri, mujalla wata ɗaya take yi a manta da ita, a ƙunshe kaya da ita a kasuwa. In na buɗe baki yanzu aikina ya tafi, kuma kin san shekara nawa na yi ina yawo da takardu kafin na samu.

Hoton yana nan lafiya, ba abin da ya same shi. Zan kawo da kaina ƙarshen wata.

Ina neman gafara.

Ɗanki.

*

Zuwa ga mai tsara bango,

Salamu alaikum, don sallama haƙƙi ce ko a kan wa. Ƙafa da sauƙi. Na ga takardarka, na gode da darasi. Ashe jahila ce ni ban sani ba. Yanzu na san ja da ruwan ɗorawa, na san kashi ɗaya cikin uku, saura ka koya mini inda ake ajiye kunya in za a shiga ofishinku.

Ni ma da launi nake aiki, yaro. Shekara talatin ina haɗa yadi. Na san abin da ke jan ido tun kafin a haife ka. Amma ban taɓa yanko hannun rigar wata na liƙa wa wata na ce haka aka kawo ba. Wai haka kowa yake yi. Kowa ne ya haife ka? Kowa ne ya yi maka tarbiyya? In kowa ya zuba da gudu zuwa rijiya kai ma sai ka tattare wando?

Ka ce riga ce kawai. A cikin rigar akwai mutum, ƙanwarka ce, ciki ɗaya. Ita ma yarinyar da kuka liƙa wa kan, 'yar wani ce. Ba na kallon finafinanta, ba na sha'awar sana'arta, amma tana da uwa a wani gida da ita ma wata matar mai kanti ta shiga wa da mujalla a ƙarƙashin mayafi. Kun ɗora mata hannun namiji da bai taɓa ta ba don ta ƙi zuwa ku ɗauke ta hoto. Wannan ƙazafi ne, ko da wane launi kuka rubuta shi.

Ka ce a haka ka saba ganin yatsan. To bari in gaya maka abin da ubanka ya hana ni faɗa yana raye. Ba haka aka haife shi ba, ba kuma wajen aikin mutane ya rasa shi ba kamar yadda aka gaya muku. Kana shekara shida ka cika mana bangon gida da zanen gawayi. Ni na ce a zane ka da bulala, shi ya ce a'a, yaron nan yana da hannu, tebur zan yi masa mai jirkitaccen sama irin na masu zane. Ba shi da irin ma'aunin, sai ya je shagon abokinsa ya ari injin yanka da bai saba da shi ba. A nan ya bar yatsan. Ya dawo da hannu a naɗe, bayan sati biyu ya ƙarasa teburin da hannu ɗaya da rabi. Ya ce kada in gaya maka, kada ka tsani zane. Teburin da ke ɗakinka na nan gida ke nan, wanda ka koyi duk wannan ilimin ja da ruwan ɗorawa a kai.

Ni na yi ta faɗa kada ka bi wannan layi. Na ce ka karanta abin da zai ba ka aikin kirki. Shi ya tsaya maka. Yau da yana nan da na ce masa, Malam, ga teburinka ya haihu.

Ba na son ofishinka na kai kaɗai, ba na kuma son ka zo mini ƙarshen wata da firam a hammata kana sunkuyar da kai. Inda aka yi ɓari nan ake kwashewa. A bango kuka yi, a bango za ku gyara, da haruffa masu girman waɗancan, ba a wani lungun shafi na talatin ba inda sai da tabarau. Ka ce aikinka zai tafi. Na sani, na kuma san wahalar da ka sha, ni na riƙa goge maka farar rigar da kake zuwa neman aikin da ita. Amma aikin da sai ka sare kan ƙanwarka ka goge ubanka kafin ya zauna, Allah ya raba ka da shi.

Kafin nan kada ka taka mini ƙofa. Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba. Amma ba na son ganinka.

Wassalam.

Matar Kafinta.

*

Yaya,

Gaisuwa daga gangar jikin da ke bangon mujallarka. Kan yana gaishe ka shi ma, in ka tuna inda ka ajiye shi.

Mama ba ta san na rubuto ba, a jakar direban na saka. Yaya, wallahi ka iya aiki. Ka rage mini ƙugu, ka ƙara mini tsawon wuya, ka goge tabon ƙunar da ke hannuna. Da ka tambaye ni ai da na ce ka bar haka a zahiri ma. A asibiti yanzu sunana Jaruma. Shugabar ma'aikatan jinya ta kira ni ofis ta rufe ƙofa, ta ce in gaya mata gaskiya ko ina fim a ɓoye. Sai da na nuna mata hoton asali da na taɓa ɗauka a wayata. Ta kalla ta kalla, ta ce, "Wane marar imani ne ya yi wannan?" Na ce ban san shi ba. Ka ga har ƙarya ka sa na yi maka.

Ni nawa mai sauƙi ne, zan iya ramawa in na gan ka. Na Mama ne ba sauƙi. Ba za ta gaya maka ba, amma kullum da safe sai ta ja ƙafar nan tata har bakin titi, ta tsaya a teburin mai jarida ta kife mujallarku ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma ya jira ta tafi ya mayar. Tun yana yi mata magana har ya daina, yanzu kujera yake ba ta. Ta daina karɓar ɗinki, wai kowa ya shigo ba ɗinki ya kawo shi ba, kallo ya zo. Ta rufe keken da zani. Ran nan na same ta tsaye a falo tana kallon ƙusa.

Kuma na karanta har ciki, don ni ba kamar Mama ba ce da ta tsaya a bango. A shafi na biyar kun rubuta cewa a fitowa ta gaba za ku bayyana mai hannun. Wa za ku bayyana, Yaya? Wa za ku liƙa wa hannun Baba? Ina fatan dai kun sami mai yatsa tara da rabi.

In ka yi wannan, ni ma ka cire ni a lissafi. Ai ka saba cirewa.

Autarku.

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaida Mama. Na san an ce kada in taka ƙofa, ba a ce kada in aiko ba. A cikin kwalin nan akwai hoton a firam ɗinsa, na sa masa sabon gilashi, tabon ruwan kuma na bar shi yadda yake. A ƙarƙashinsa akwai sabuwar fitowa.

Edita ya zaɓi wani darakta da suke 'yar tsama, ya ce shi za a ce mai hannun ne. Ya ba ni hotonsa ya ce in haɗa, in kuma gutsure masa yatsa a kwamfuta don ya dace. Na haɗa, Mama. Na nuna masa ya yi dariya ya sa hannu. Amma al'adar ofishinmu ni ke kai bango maɗaba'a da kaina, don ni ke tsayawa a kan injin in ga launi ya fita daidai. Mai injin ba ya karanta abin da ke jiki, jan kawai yake dubawa ko ya yi duhu. Sai na ba shi wani bangon daban.

Za ki gani. Hoton ne gaba ɗaya, Baba da Auta, kowa da kansa. Na sa fuskar Baba a sama inda ake gani, fensirinsa a bayan kunne, idonsa a kan mai wucewa. Haruffan girmansu ɗaya da na wancan, na auna. HANNUN UBANA NE. Daga ƙasa na rubuta cewa kafinta ne, ya rasu, rigar ta 'yarsa ce, hoton wancan watan haɗi ne, ni mai tsara bango na haɗa, jarumar ba ta san komai ba kuma ina neman afuwarta.

Sai da aka rarraba Edita ya gani. Ba zan rubuta abin da ya faɗa ba. Ya karɓi makullin ofis, ya ce zai tabbata ba wata mujalla da za ta sake ba ni ko shara. Masu jarida kuma suna ta dawo da ita, wai wa zai sayi tsoho. Duk dabarar da na sani na zuba a bangon nan, shi ne ya fi kowanne rashin kasuwa.

Ban san labarin teburin ba, Mama.

Ina ɗakina, ba na zuwa ko'ina. A gaida Auta, a ce mata na mayar mata da kanta.

Ɗanki.

*

Zuwa ga ɗana,

Wa'alaikumus salam. Kwali ya iso lafiya, firam ya koma ƙusarsa.

Na ga bangon. Na je bakin titi da safe, mai jarida ya miƙo mini kujera na ce yau ba zama zan yi ba. Na bi ta bakin kanti a hankali. Babu wanda ya yi dariya a bencin.

Amma wa ya ce ka ƙara wa ubanka fari? Mutumin nan baƙi ne wuluk, a haka na aure shi. Ka goge masa layukan goshi, ka wanke masa haƙora kamar mai tallan man goge baki. Hannunka ya riga ya saba, ko gaskiya za ka faɗa sai ka shafa mata hoda. Wannan sai ka zauna ka yi wa kanka faɗa a kai.

Auta ta buga ƙusa ta biyu kusa da ta farko ta rataye bangon mujallar. Ban ce ta buga ba, ban kuma ce ta cire ba.

Na buɗe keke, akwai ɗinki da ya taru. Mai kanti yana neman wanda zai rubuta masa allon shago, na ce masa ban san kowa ba tukuna. Teburinka na zane ya yi ƙura na sa an goge, ƙafarsa ɗaya tana rawa, ba mai gyarawa.

Direban zai juyo ranar Asabar. Ka taho da bargonka, na ba da wanda ka bari a nan.

Mahaifiyarka.